Tallan Latsawa da Wayar Gajimare: Matsalar Riƙon Asusu da Yawa

1. Gabatarwa



Wannan lacca za ta yi magana ne a kan wata sana'a da ta kankama a ƙarshen ƙarnin da ya wuce, watau sana'ar saka talla a shafukan bincike na intanet, da kuma wata dabara da ta shigo cikinta daga baya, ta riƙon asusun talla masu yawa ta hanyar wayoyin da ba a riƙe su a hannu. Za a fara da bayanin yadda kasuwar take ci, sa'an nan a dubi dalilan da ke sa mutum ɗaya ya riƙe asusu fiye da ɗaya, a bayyana mece ce wayar gajimare, daga nan a auna amfaninta da haɗarinta. Abin da laccar ke son tabbatarwa shi ne, riƙon asusu da yawa ba laifi ba ne a wannan kasuwa, laifin yana ga ɓoye cewa mutum ɗaya ne ke riƙe da su.

2. Yadda kasuwar take ci

Duk wanda ya taɓa rubuta wata kalma a Google ko Bing yana neman wani abu, zai ga waɗansu amsoshi a can sama da aka yi musu alamar cewa talla ne. Mai tallan bai biya ko kwabo ba don an nuna tallansa. Sai mai bincike ya latsa shi tukuna kuɗi ke fita daga asusunsa. Wannan shi ake nufi da tallan latsawa.

Wani Ba'amurke mai suna Bill Gross ne ya fito da wannan tsari fili a shekarar 1998, da kamfaninsa GoTo.com da ke jihar Kalifoniya. A wurinsa wanda ya fi tayi mai tsoka shi ke hawa sama, babu wani sharaɗi. Kamfanin ya sake suna ya koma Overture a 2001, kuma Yahoo ya saye shi a 2003 a kan kuɗi sama da dala biliyan 1.6. Shi kuwa Google ya buɗe nasa tsarin, AdWords, a watan Oktoba na 2000 da masu talla 350, ya koma karɓar kuɗin latsawa a 2002, ya kuma sake wa tsarin suna zuwa Google Ads a 2018. Don a gane girman kasuwar, a shekarar 2024 sashen bincike na Google ya kawo kimanin dala biliyan 198, watau fiye da rabin dukan abin da uwar kamfanin, Alphabet, ta samu a wannan shekara.

Abin da Google ya ƙara a kan tsarin Gross shi ne auna ingancin talla tare da tayi. A duk lokacin da wani ya yi bincike, sai a yi gwanjo cikin ƙiftawar ido tsakanin masu tallan da suka yi tayi a kan kalmomin da ya rubuta. Ga misali sauƙaƙaƙƙe. A ce 'yan kasuwa uku suna neman kalmar "injin ban ruwa". Na farko ya taya naira 300, ingancin tallansa maki 4, jimla 1,200. Na biyu ya taya naira 200, makinsa 8, jimla 1,600. Na uku ya taya naira 150, makinsa 6, jimla 900. Na biyu ne zai hau sama ko da yake ba shi ya fi tayi ba, kuma abin da zai biya in an latsa shi ne gwargwadon abin da zai ishe shi ya ɗara na bayansa, watau 1,200 a raba da 8, kimanin naira 150. Lissafin na ainihi ya fi wannan sarƙaƙiya, amma ginshiƙinsa ke nan.

Akwai abu guda da ya kamata a lura da shi a wannan misali. Gwanjon yana da ma'ana ne kawai idan masu tayin nan uku mutane uku ne daban-daban. In ya kasance mutum ɗaya ne ya shigo da riguna uku, to ya cinye dukan rumfunan da ke bakin hanya, ya tura sauran 'yan kasuwa lungu, mai bincike kuma yana tsammanin ya kwatanta farashin wurare uku alhali wuri ɗaya ya gani. Saboda haka ne dokar Google ta hana kasuwanci ɗaya ya nemi nuna talla fiye da ɗaya a gurbi guda na shafin amsa.

3. Dalilan riƙon asusu da yawa

Dalilan sun kasu gida biyu. Kashi na farko su ne na halal a ka'idar kasuwar. Kamfanin dillancin talla yakan riƙe asusun abokan ciniki hamsin ko ɗari, kowanne da kasafinsa da takardar biyansa. Babban kamfani mai rassa a ƙasashe da dama yakan buɗe wa kowace ƙasa asusu, domin ba a sauya irin kuɗin da aka ɗora asusu a kansa bayan an buɗe shi, ga kuma bambancin haraji. Alal misali, tun daga watan Afrilu na 2022 Google ke ɗora harajin kayan masarufi na kashi 7.5 cikin ɗari a kan asusun da ke da adireshin Nijeriya. Haka nan mutum ɗaya yana iya mallakar sana'o'i biyu da ba su da dangantaka, kamar makaranta da kantin magani, ya so lissafinsu ya rabu.

Duk waɗannan an riga an yi musu tanadi. Da adireshin imel ɗaya ana iya shiga asusun talla har 20. Wanda bukatarsa ta wuce haka sai ya buɗi asusun manaja, wanda ke tattara asusu masu yawa a ƙarƙashin ƙofa ɗaya, kowane asusu na mai shi ne, manajan kuwa an ba shi izinin shiga ne kurum. Wannan ya yi kama da matsayin fatoma a cinikin shanu da goro. Fatake da yawa suna sauka a gidansa, kayan kowa da lissafinsa daban, amma duk kasuwa ta san cewa baƙinsa ne, kuma sanin nan shi ne jarinsa, domin shi ke sa a ba baƙo bashi a kan amanar mai masaukinsa.

Kashi na biyu su ne dalilan ɓoyo. Wani an dakatar da asusunsa saboda ya karya doka, yana son ya dawo da sabon suna. Wani yana tallan abin da ya san ba za a bari ba, sai ya tanadi asusu ashirin, in an rufe ɗaya ya buɗe na gaba. Wani yana son ya mamaye gurbin talla kamar yadda aka bayyana. Wani kuma yana farautar kyautar kuɗin talla da akan ba sababbin shiga. Su waɗannan asusun manaja ba zai yi musu amfani ba, tun da aikinsa shi ne ya nuna dangantaka, su kuwa dangantakar ce suke son su binne.

4. Mece ce wayar gajimare

Kalmar gajimare a nan aro ce. Ana nufin ɗimbin manyan kwamfutoci da aka jibge a wani katafaren gini, ana ba da hayar ƙarfinsu ta intanet ga wanda ke bukata. Kamfanin Amazon ne ya buɗe wannan haya ga kowa da kowa a 2006. Manhajar Android kuwa, wadda wayar farko mai ɗauke da ita ta fito a 2008, ba lalle sai cikin waya take aiki ba. Ana iya raba kwamfuta ɗaya gida-gida, a ɗora Android a kowane gida, kowanne ya zama kamar waya mai zaman kanta. Mai haya yana ganin fuskar wayar a kwamfutarsa tamkar hoton talabijin, in ya taɓa wani wuri sai umurnin ya tafi can ginin a aiwatar. Kamfanoni da dama suna ba da irin wannan haya, ciki har da Huawei na ƙasar Sin, kuma masu gwajin manhaja da masu wasannin waya suna cikin manyan masu amfani da ita.

Abin da ya ja hankalin masu asusu da yawa shi ne, kowace wayar gajimare ana iya yi mata kamanni nata. Ana zaɓa mata samfuri, da lambobin shaida, da harshe, da agogon gari, da wurin da za ta ce tana zaune. Sa'an nan a haɗa ta da wani ɗan aike, watau wata na'ura da ke tsaye tsakani, ta yadda saƙon da ya fito daga ginin zai bayyana kamar daga wani gida ya fito a Landan ko Legas. Mutum ɗaya a ɗaki ɗaya sai ya zama kamar mutum talatin a garuruwa talatin.

Dalilin wannan wahala shi ne, na'ura tana da shaidar da ake gane ta ko ba a tambayi sunan mai ita ba. A 2010 wata ƙungiyar kare haƙƙin masu amfani da intanet a Amurka, mai suna Electronic Frontier Foundation, ta gwada manhajojin shiga intanet kimanin 470,000, ta tarar kusan kashi 84 cikin ɗari kowace tana da kamannin da babu mai irinsu a cikin sauran, in aka haɗa girman fuska da irin haruffa da agogo da makamantansu. Masu ba da hayar wayar gajimare suna tallata hajarsu ne a kan cewa za ta raba wa kowane asusu nasa kamannin, don kada a ce hannu ɗaya ne ke juya su.

5. Inda take da amfani

Adalci ne a faɗi cewa wayar gajimare tana da aikin yi a ofishin talla na gaskiya. Yawancin masu bincike da waya suke yi, saboda haka tilas mai talla ya ga yadda shafinsa ke buɗewa a wayoyi iri-iri, manya da ƙanana, tsofaffi da sababbi, kuma haya ta fi sayen waya ashirin sauƙi. Mai tallan manhaja yana bukatar ya gwada ko latsa tallan yana kai mutum inda ya dace. Bugu da ƙari, ofishin da ba ya son ma'aikatansa su ɗora asusun abokan ciniki a wayoyinsu na kansu yana iya ba su wayar gajimare ta aiki, in ma'aikaci ya bar aiki a rufe masa ƙofa a ranar, ba sai an bi shi gida karɓar waya ba.

Amma ya kamata a san iyakar wannan amfani. Babban aikin tsara talla a kwamfuta ake yinsa, ko da manhajar Google Ads Editor wadda kyauta ce kuma tana ɗaukar asusu da yawa. Manhajar waya ta fi dacewa da duba lissafi da ƙananan gyare-gyare. Wanda ke son ya ga yadda tallansa ke fitowa a wani gari kuwa, akwai ma'aunin gwaji a cikin asusun da ke nuna masa haka ba tare da ya taɓa lissafinsa ba. Ashe ke nan, ga mai riƙon asusu da yawa a fili, wayar gajimare 'yar rakiya ce. Wanda ya ga ba zai iya aikinsa ba sai da waya guda ga kowane asusu, to ya kamata a tambaye shi abin da yake gudun a gani, domin mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

6. Inda take cutarwa

Haɗari na farko shi ne dabarar ba ta cika biyan bukata ba. Na'ura zare ɗaya ce daga cikin zaruruwan da ke ɗaure asusu da mai shi. Akwai katin biya, da shafin da tallan ke kai mutum, da lambar waya, da takardun rajistar kamfani, da kalmomin tallan kansu. Tun 2018 Google ya fara tantance masu tallan zaɓe a Amurka, a watan Afrilu na 2020 ya sanar da faɗaɗa tantancewar ga dukan masu talla, a 2023 kuma ya buɗe wata taska da kowa zai iya duba tallace-tallacen da mai talla da aka tantance ya saka. Dokarsa ta ɗauki kewaye wa tsarin bincikensa a matsayin babban laifi, wanda ake dakatar da asusu a kansa ba tare da gargaɗi ba, kuma dakatarwar takan shafi sauran asusun da ke da alaƙa da shi. Bisa rahotannin kamfanin, ya dakatar da asusu miliyan 6.7 a 2022, miliyan 12.7 a 2023, da miliyan 39.2 a 2024, kuma ya ce mafi yawan na 2024 an rufe su tun ba su nuna talla ko ɗaya ba. Dillalin da ya cuɗa abokan cinikinsa na kirki da wannan dabara yana iya jawo musu rufewa gaba ɗaya a kan laifin da ba su san da shi ba.

Haɗari na biyu shi ne amana. Wayar gajimare tana zaune ne a kwamfutar wani, sau da yawa a wata ƙasa. Kalmar sirri da aka rubuta a cikinta, da bayanan katin biya, da jerin sunayen abokan ciniki, duk sun ratsa ta hannun mai ba da haya. In ya rufe kamfaninsa, ko ɓarayi suka fasa rumbunsa, mai asusu ba shi da wurin kai ƙara cikin sauƙi. Dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya ta 2023 ta ɗora nauyin tsare bayanai a kan wanda ya tara su, ta kuma sa sharuɗɗa kan fitar da su waje.

Haɗari na uku ya shafi 'yan aiken nan da ke ara wa wayar adireshin gidajen mutane. Waɗansu daga cikin adireshin an same su ne ba da sanin masu gidajen ba. A watan Mayu na 2024 ma'aikatar shari'a ta Amurka ta sanar da rusa wata ƙungiya mai suna 911 S5, wadda ta shiga kwamfutocin jama'a a ɓoye ta tara adireshi sama da miliyan 19 tana sayar da hayarsu. Mai hayar ɗan aike mai araha bai san ta ƙofar wa yake wucewa ba.

Haɗari na huɗu, wanda ya fi duka, yana kan mai bincike ne. A watan Disamba na 2022 hukumar FBI ta gargaɗi jama'a cewa 'yan damfara suna sayen talla a shafukan bincike da sunan sanannun kamfanoni, suna kai mutane shafukan jabu inda ake sace musu kalmar sirri ko a cusa musu muguwar manhaja. Irin wannan aiki ba ya ɗorewa sai da asusu masu yawa waɗanda za a yar in an gano su. Shi ma Google ya ɗanɗana kuɗar sakaci, domin a 2011 ya amince ya miƙa wa gwamnatin Amurka dala miliyan 500 saboda karɓar tallan kantunan maganin Kanada da ke shigar da magunguna Amurka ba bisa doka ba. Tsananin da yake yi a yau yana da tushe a irin wannan hasara.

7. Abin da ya shafi ma'aikaci da ɗalibi

Ma'aikatu da hukumomi sukan ba da kwangilar wayar da kan jama'a, wani kaso na kuɗin kuwa a intanet ake kashe shi. Jami'in da ke kula da irin wannan kwangila yana da tambayoyi huɗu da suka wajaba a kansa. Da sunan wa aka buɗe asusun? Ya kamata ya zama da sunan hukumar, kuma babban izini ya zauna a hannun jami'inta, ɗan kwangila ya shigo ta asusun manaja, yadda za a iya sallamarsa ba tare da an rasa tarihin aikin ba. Wa da wa ke da izinin shiga? Tsarin ya bambanta mai duba kawai da mai gyara da mai biya, kuma yana ajiye tarihin wanda ya sauya kowane abu. Ina takardar biya da ta fito daga kamfanin tallan kansa? Ita ce za ta nuna abin da aka kashe na haƙiƙa, a kwatanta da abin da ɗan kwangila ya rubuta. Sa'an nan, an bi ka'idar gida? Dokar 2022 da ta kafa hukumar ARCON ta tanadi a tantance tallan da ake nufin jama'ar Nijeriya da shi, har da na intanet. Jami'in da ya biya kuɗin jama'a a kan asusun da bai taɓa gani ba ya yi cinikin biri a sama.

Ga ɗalibai kuwa, wannan fanni yana da abinci na halal, domin ana koyon tsara talla da auna sakamakonsa, kuma ƙananan 'yan kasuwa suna bukatar masu yi musu. Sai dai akwai tarko. Tun da tantancewa ta yi tsanani, masu ɓoyo sun koma neman sunayen mutane na gaskiya. Sukan nemi matashi ya ba da hayar imel ɗinsa, ko katin shaidarsa, ko hoton fuskarsa, a biya shi 'yan kuɗi kaɗan, a ɗora asusun a wata wayar gajimare da bai san inda take ba. Duk abin da aka tallata daga nan da sunansa aka yi. In damfara ce, sunan da ke rubuce shi za a fara nema, mai juya wayar kuwa ya riga ya koma kan suna na gaba. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

Wanda aka dakatar da asusunsa bisa kuskure, abin da kan faru tun da na'ura ce ke yanke yawancin hukuncin, hanyarsa ita ce ya ɗaukaka ƙara da takardunsa. Hanyar tana da jinkiri da ban haushi, kuma masu kuka da ƙarfin da kamfani ɗaya ke da shi a wannan kasuwa suna da hujja, tun da wata kotun tarayya a Amurka ta yanke a watan Agusta na 2024 cewa Google ya yi babakere a harkar bincike ba bisa doka ba. Duk da haka, buɗe sabon asusu a ɓoye yana mayar da wanda aka zalunta ya zama mai laifi na sosai, ya kuma toshe masa ƙofar ƙarar.

8. Kammalawa

An ga yadda kasuwar tallan latsawa ta taso daga 1998, da yadda gwanjonta ya dogara a kan kowane mai tayi ya zama mutum guda sananne. An ga cewa mai riƙon asusu da yawa a fili yana da asusun manaja, kuma wayar gajimare tana taimaka masa ne wajen gwaji da tsare kayan aiki. An kuma ga cewa in aka yi amfani da ita don raba kamanni, tana jefa dillali da abokan cinikinsa cikin haɗarin rufewa, tana miƙa sirrinsu ga baƙo, tana kuma share wa ɗan damfara hanya. Ma'aunin da ya kamata ma'aikaci da ɗalibi su riƙe mai sauƙi ne. Idan mai asusun, da kamfanin tallan, da mai binciken da zai latsa, za su iya sanin wanda ke bayan tallan ba tare da cinikin ya lalace ba, to aikin yana kan hanya, ko asusu ɗari ake riƙewa. Idan kuwa cinikin ba zai yiwu ba sai ɗayansu ya jahilci wannan, to ya kamata a janye hannu tun kafin a sa suna.